BASHIN KATI DA KARAYAR ARZIKI: Nasiha ga ƴan uwanmu masu biɗa a Amurka da iyalansu na gida

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke miƙa godiya, Shi da ya buɗe wa bayinSa ƙofar fatauci ya rufe musu ta riba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka sani da amana a cikin ciniki tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai akwai bashin da mutum ke ɗauke da shi yana barci, akwai kuma wanda ke hana ido runtsawa. A kan na biyun ne za mu yi magana a wannan fitowa.

Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ɗiyan ƙasar nan suke ƙetare teku zuwa Amurka neman halaliya. Wasunsu sun kafa tebur a titi na 125 cikin unguwar Harlem ta birnin Niyok, har hukumar birnin ta tashi masu tebur a watan Oktoba 1994 aka mai da su kasuwar titi na 116. Wasu kuma suka zauna Greensboro a jihar Karolina ta Arewa. A cikinsu akwai masu taksi da masu manyan motocin kaya, da masu kanti, da mata masu kitso. Mafi yawan waɗannan ba su da albashin ƙarshen wata, abin da kasuwa ta ba su shi ne nasu. Idan kasuwa ta tsaya ko ciwo ya kwantar da mutum, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne katin bashi. Kuma tun da kuɗin da suke aikowa suna shiga gidaje a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wannan magana ta shafe mu duka.

Na farko: yadda katin bashi yake cin mai shi

Mafi yawan katunan da ke hannun mutane a nan gida na cire kuɗin da mutum ya ajiye ne a banki. Katin bashi dabam yake: banki ne ke biya maka, ya rubuta a kanka. In ka biya duka kafin wa'adin wata, ba a ɗora maka komai a kan sayayya. In ka bar saura, sai kuɗin ruwa su hau, kuma ruwan da ba a biya ba shi ma yana haifar wani ruwan. A shekarar 2023 jimillar bashin kati da ke kan mutanen Amurka ta haura dalar Amurka tiriliyan 1, kuma a 2023 da 2024 matsakaicin kuɗin ruwa ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Mutum na da bashin dalar Amurka 10,000 a kan ruwa kashi 24 cikin 100. Ruwan wata guda kaɗai dala 200 ne. In ya biya 250 a ƙarshen wata, 50 kacal suka taɓa uwar kuɗin. In ya makara, a ƙara masa tara. Haka zai ci gaba da zuba ruwa cikin tulu mai huji, har ya kai ga cin bashin wani kati domin ya toshe bakin na farko.

Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta ba a yi mu'amala da katin bashi wanda aka sharɗanta kuɗin ruwa a cikinsa, ko da mai riƙe da shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wanda bai shiga ba, to ya gode wa Allah ya tsaya ga katin da ke cire abin da ya ajiye. Amma nasiharmu ta yau ta fi fuskantar wanda ya riga ya faɗa, domin wanda ke cikin rijiya igiya yake buƙata kafin faɗa.

Na biyu: nauyin bashi a cikin addini

Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: rubuta shi, da sa masa wa'adi, da kafa shaidu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi zunubansa in ban da bashi. Imamul Buhari kuma ya kawo labarin gawar da aka kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) da bashin dinari 3 a kanta, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki biyan a wuyansa. Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, ya kuma bayyana dalili, wato mai bashi yakan kai ga ƙarya da saɓa alkawari.

Duk da haka cin bashi domin buƙata ba aibi ba ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Abin da shari'a ta sa wa ido shi ne niyya da hali. Ya tabbata a cikin Buhari cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin mayarwa Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da nufin salwantarwa Allah zai salwantar da shi. Mai hali da ke jan ƙafa wajen biya azzalumi ne. Wanda yake cikin ƙunci na gaskiya kuwa, aya ta 280 a Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu sauƙi, ta kuma kwaɗaitar da a yafe masa.

Na uku: taflisi a wurin malamanmu

Kada wani ya zaci hukuncin karayar arziki baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Malaman fiƙihu suna kiransa taflisi, wanda aka yanke wa shi kuma muflisi, kuma an yi bayaninsa a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala ta Ibnu Abi Zaidin da Muhtasar na Shehu Halilu.

A zamanin Annabi (S.A.W.) wani mutum ya sayi ƴaƴan itatuwa, asara ta same shi, bashi ya yi masa yawa. Aka umarci jama'a su taimaka masa da sadaka, abin da aka tara bai kai ba. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci masu binsa su karɓi abin da ya samu, ya sanar da su ba su da wata hanya a kansa bayan wannan. Imamu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Usaifi'u, mutumin ƙabilar Juhaina, wanda ke sayen raƙuma da tsada domin ya riga alhazai isa, har ya karye. Sayyidina Umar (R.A.) ya yi wa jama'a jawabi, ya zarge shi da fifita yabon mutane a kan addininsa da amanarsa, ya kira masu binsa su zo da safe a raba musu abin da ya mallaka. Mu lura da abin da ya karya Usaifi'u: son a ce.

A mazhabar Malikiyya, da zarar bashi ya kewaye dukiyar mutum, ba shi da ikon yin kyauta da ita, kuma masu binsa suna iya hana shi ya kwashe abin da ke hannunsa ya bai wa mutum guda a cikinsu. In suka kai ƙara, ga bashi ya kai wa'adi kuma ya fi dukiyarsa, alƙali zai hana shi tasarrufi, ya sayar da abin da ya mallaka, ya raba wa masu bi gwargwadon rabon kowa. Basussukan da wa'adinsu bai zo ba su ma sun zama na nan take. Wanda ya tarar da ainihin hajarsa a hannun muflisi shi ya fi cancanta da ita. Ana bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufafin da ya saba sawa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai ba a tsare shi, ana tsare wanda ake tuhumar ya ɓoye dukiya ne har gaskiya ta bayyana. Abin da ya rage bayan rabo yana nan a kan zimmarsa har ranar da Allah ya buɗa masa.

Na huɗu: ƙofofin da dokar Amurka ta buɗe

Dokar karayar arziki da ake aiki da ita a Amurka ta tarayya ce, an kafa ta a 1978, aka yi mata babban gyara a 2005. Ba ta sharɗanta zama ɗan ƙasa ba, ya isa mutum ya kasance yana zaune a can, ko yana da wurin sana'a ko dukiya. Kafin shigar da takarda wajibi ne ya halarci zaman shawara a kan bashi a wata cibiya da hukuma ta yarda da ita, cikin kwana 180 da suka gabata. Da zarar an shigar, doka ta dakatar da masu bin bashi daga kira da ƙara da kama asusu. Mai sana'ar kansa wanda bai kafa kamfani ba, doka ba ta raba aljihunsa da na sana'arsa, bashin biyun duka nasa ne.

Ƙofa ta farko ita ce Babi na 7, kuma ita ta fi kama da taflisi. Ana naɗa wakili ya sayar da abin da doka ba ta keɓe ba, ya raba wa masu bi. Abin da ake keɓewa ya bambanta daga jiha zuwa jiha, amma yakan haɗa da kayan gida, da wani ƙima na mota da gidan zama da kayan sana'a. Cikin kusan wata 4 kotu takan sauke masa bashin kati da makamantansa. Kuɗin shigarwa dala 338 ne ban da ladan lauya. Sharaɗin shiga shi ne awon samu: ana duba abin da ya samu cikin wata 6 da suka wuce, bayan an cire abin da sana'ar ta ci, a gwada da matsakaicin samun gida mai yawan mutane irin nasa a jiharsa. In yana ƙasa, ya wuce. In yana sama, sai a sake lissafi a ga ko yana da rarar da zai iya biya da ita. A nan akwai abin da masu sana'a ya kamata su sani: wannan awo bai hau kan wanda mafi yawan bashinsa na sana'a ne ba. Wanda ya sari haja ko ya gyara motar aiki da kati, takardun sayayyarsa su ne hujjarsa. Ba a sake samun wannan sauƙi a Babi na 7 sai bayan shekara 8, kuma tabon yakan zauna a takardar tarihin bashinsa har shekara 10.

Ƙofa ta biyu ita ce Babi na 13, ta mai samu a kai a kai, ko da ba albashi ba ne. Yana riƙe motarsa da kantinsa, ya gabatar da tsarin biya na shekara 3 zuwa 5, yana zuba wa wakilin kotu kuɗi kowane wata. In ya cika tsarin, a sauke masa sauran. Dole ya kasance ya shigar da takardun harajinsa na shekara 4 da suka wuce. Bisa adadin da aka sa daga watan Afrilu 2025, bashin da ba shi da jingina ya kasance ƙasa da dala 526,700, mai jingina kuma ƙasa da dala 1,580,125. Kuɗin shigarwa dala 313 ne. Wanda bashinsa ya wuce nan, akwai wani sashe na Babi na 11 da aka buɗe wa ƙananan ƴan kasuwa a 2020, da sharaɗin aƙalla rabin bashin ya fito daga sana'a. Wanda kuma ya kafa kamfani amma ya sa hannu ya lamunci katin kamfanin da kansa, rufe kamfanin ba ya kuɓutar da shi.

Akwai basussukan da kotu ba ta saukewa: ciyar da ɗiya da tsohuwar mata da shari'a ta ɗora, da harajin shekarun kusa, da mafi yawan bashin karatu, da duk abin da aka karɓa ta hanyar yaudara. Wanda ya sayi kayan ƙawa masu tsada da kati cikin kwana 90 kafin shigarwa, ko ya ciri tsabar kuɗi masu yawa cikin kwana 70, doka tana ɗaukarsa a kan bai yi niyyar biya ba. Haka nan wanda ya tsaya wa mutum lamuni, sauke wa mai bashin ba ya sauke masa.

Kafin duk wannan akwai sulhu. Ka'abu ɗan Malik (R.A.) ya bi wani sahabi bashi a cikin masallaci har muryoyi suka tashi, Annabi (S.A.W.) ya yi masa ishara ya sauke rabi, ya umarci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Bankunan kati sukan yarda su rage ruwa ko su karɓi wani kaso su rufe asusu. Mu fara da wannan, a rubuce, kuma mu yi hattara da masu neman lada tun kafin su yi wani aiki.

Na biyar: ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Ya ku bayin Allah, mabuɗin dukan waɗannan ƙofofi guda ne a shari'a da a doka, shi ne faɗin gaskiya. Mai shigar da takarda yana lissafa duk abin da ya mallaka a ko'ina yake a duniya, da duk wanda ke binsa, sa'an nan ya zauna gaban wakilin kotu ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Filin da ya saya a Yamai, da gidan da yake ginawa a Maraɗi, da shanun da ke hannun makiyayi a ƙasar Tawa, duka suna cikin lissafi. Ɓoye su laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5, ya kuma rasa sauƙin da ya je nema. A wurin Allah kuwa rantsuwar ƙarya domin cin dukiyar wani tana cikin manyan zunubai, kuma kasancewar mai dukiyar ba musulmi ba ne bai halatta ta ba. Wanda ya shiga ƙasa da aminci ya sa hannu a kan yarjejeniya, cika ta ya hau kansa.

Haka nan wanda ya ga ruwa ya kusa cin sa ya yi sauri ya biya ɗan uwansa ya bar sauran, ya sani wakilin kotu na iya ƙwato abin da aka biya dangi cikin shekara guda kafin shigarwa, da abin da aka biya wasunsu cikin kwana 90. Mun riga mun ga malamanmu sun hana irin wannan fifiko tun da daɗewa.

Shin takardar kotu tana wanke zimma? Kuɗin ruwa ba haƙƙin kowa ba ne, domin aya ta 279 a Baƙara ta tsayar da mai bin bashi a kan uwar kuɗinsa, don haka faɗuwarsu alheri ce. Abin da mai bi ya yafe da yardarsa ta hanyar sulhu, shi ma ya faɗi. Amma uwar kuɗin da kotu ta sauke ba da son mai ita ba, abin da ya dace da ƙa'idar malamanmu kuma ya fi tsare addini shi ne tana nan har mutum ya samu hali. Takarda ta hana a bi shi, ba ta mai da dukiyar wani ta zama tasa ba. Dokar Amurka da kanta ta bar ƙofa a buɗe: bayan an gama shari'a, mutum na da ikon biyan wanda ya so da ganin damarsa. To ya rubuta sunayen masu binsa da adadin kowa, ya sa a cikin wasiyyarsa, ya fara da raunana: abokin adashe, da wanda ya ba shi haja bisa amana, da matar da ta damƙa masa ajiyarta.

Na shida: ga iyalai da jama'a

Mu da muke gida muna da kaso a cikin wannan al'amari. Sau da yawa abin da ke tura ɗa ga kati shi ne wayar da ba ta yankewa: ragon layya, da lefen ƙane, da bikin da ake so ya fi na maƙwabta. Yana jin kunyar ya ce babu, sai ya ciro a kan ruwa ya aiko, mu ci mu sa albarka alhali wuta muka ƙara masa. Ya ku iyaye, ku tambayi ɗiyanku halin da suke ciki kafin ku faɗi buƙata. Idan kuma ɗa ya ce a juya takardar gidansa zuwa sunan wansa domin kada masu bi su gani, kada ku karɓa, domin taimako ne a kan zalunci.

Kada mu mai da wanda ya karye abin zunɗe a majalisa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa masu bashi cikin kashi 8 da ake bai wa zakka, kuma malamanmu sun ce har wanda ya ci bashin ta hanyar saɓo ana ba shi in ya tuba. Alhazanmu da ƙungiyoyin ƴan ƙasa da ke can su tuna da wannan kaso. Rancen da babu ruwa a cikinsa, in ya zo a kan kari, yana iya tsamo gida guda daga riba.

Ɗan kasuwar da ke nan gida shi ma ya sani ƙasarmu tana cikin yarjejeniyar OHADA da aka sa wa hannu a 1993. Dokarta ta warware basussuka, wadda aka sabunta a 2015, ta haɗa da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu da manomi, ta tanadi sulhu tun kafin a kasa biya, ta kuma wajabta wa wanda ya kasa ya sanar da kotu cikin kwana 30. Gudu da dare a bar kanti a rufe ba hanyar mumini ba ce.

Mu rufe da tunatarwa. Manzon Allah (S.A.W.) ya taɓa tambayar sahabbansa wane ne muflisi, suka nuna wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya. Sai ya karantar da su cewa muflisin gaskiya shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma haƙƙoƙin mutane na wuyansa, a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Karayar duniya tana da wa'adi, ana tashi bayanta a sake kafa tebur. Waccan kotu kuwa ba ta keɓe wa kowa komai, kuma ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta.

Ya Allah Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ka tsare ɗiyanmu da ke baƙunta, Ka sa albarka a cikin sana'arsu, Ka tsarkake cimakarmu daga riba, kada Ka ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah Shi ne mafi sani.